Daga Paris Zuwa Potiskum: Abubuwa 20 Masu Ban Mamaki Game Da Katun Ɗin Faransa

Da wuya ka shiga gida mai yara a Potiskum, ko a Dogo Nini ne ko a Dogo Tebo, ka ambaci Oggy ba a samu wanda ya washe baki ba. Masu shagon tura finafinai sun san haka, shi ya sa katun ba ya yankewa a kwamfutarsu, yana nan kusa da finafinan Kano da fassarar Indiya. Amma tambayi iyaye daga ina zane-zanen nan masu motsi suke fitowa, amsar ba za ta wuce Amurka ko Japan ba. Alhali da yawa daga cikin abin da 'ya'yanmu ke kallo a Faransa ake zana shi, wasu fitattun labaran ma daga yankinmu na Afirka aka ɗebo su. Abin da yaro ke zuba wa ido safe da yamma ya kamata babba ya san asalinsa. Ga abubuwa 20 a taƙaice.

1. Katun ya riga silima zuwa duniya

Ranar 28 ga Oktoban 1892, wani malamin kimiyya mai suna Émile Reynaud ya tara 'yan kallo a gidan Grévin da ke Paris, ya haska musu zane yana motsi a jikin farin ƙyalle. Sai bayan shekara uku, a Disamban 1895, 'yan'uwan nan biyu, Lumière, suka fara nuna fim na mutane ana biyan kuɗin shiga. Reynaud da hannunsa ya zana kowane hoto, ya shafa masa launi. Fim ɗinsa *Pauvre Pierrot* kaɗai hoto 500 ne a jere. Shi ne kuma ke tsayuwa bayan ƙyallen yana juya faifai da hannu biyu, ya rage gudu, ya tsaya, ko ya koma baya ya maimaita, mai fiyano na gefe yana bin sa da kiɗa. Kafin 1900 kimanin mutum rabin miliyan sun kalli wasan. Saboda shi ne ake bikin ranar katun ta duniya duk 28 ga Oktoba.

2. Mai shi ya zuba aikinsa a kogi

Da silima ta yi ƙarfi, kasuwar Reynaud ta mutu, aka rufe wasansa a 1900. Talauci da baƙin ciki suka yi masa yawa, ya kwashi mafi yawan faya-fayansa ya watsa a kogin Seine. Ya rasu a 1918 a gidan kula da marasa galihu. Biyu kacal daga cikin finafinansa suka tsira har muka san kamanninsu. Duk mai tsohon kaset ko littafin zane a ɗaki ya riƙe shi da kyau, domin darajar irin wannan kaya sai an jima take bayyana.

3. Zane 700 don kallon da bai kai minti biyu ba

A watan Agustan 1908 Émile Cohl ya fitar da *Fantasmagorie*, wanda masana da yawa ke ɗauka shi ne katun na farko da aka zana a takarda aka ɗauka da kyamara. Shekararsa 51 a lokacin. Ya yi zane kusan 700 da baƙar tawada a kan farar takarda, sannan aka juya launin wajen wanke fim, ya fito tamkar an zana da alli a baƙin allo. Mickey Mouse na Amurka bai bayyana ba sai 1928, bayan shekara 20.

4. Lissafin da ke bayan motsi

Fim hoto 24 yake nunawa a cikin daƙiƙa ɗaya. Masu zanen hannu kan rage wahala, su nuna kowane zane sau biyu, wato zane 12 a daƙiƙa. Ko a haka, fim mai minti 70 yana cin zane 50,400, ban da na bishiyoyi da gidaje da ke bayan 'yan wasa. Dariyar da yaro ya yi ta ƙiftawar ido, aikin kwanaki ce a wurin wani.

5. Fim ɗin da ya ci shekara fiye da 30

Paul Grimault da marubucin waƙoƙi Jacques Prévert sun fara wani fim a ƙarshen shekarun 1940, labarin azzalumin sarki da tsuntsu mai faɗa masa gaskiya. Rigima ta shiga tsakaninsu da mai kuɗin, aka fitar da fim ɗin a farkon shekarun 1950 ba tare da sun gama ba, kuma ba da yardarsu ba. Grimault bai saduda ba. Ya bi ya karɓo haƙƙin aikinsa, ya sake zama a kansa, har aka fitar da shi cikakke a 1980 da sunan *Le Roi et l'Oiseau*. Prévert bai ga ranar ba, ya rasu tun 1977. Manyan masu katun na Japan, Hayao Miyazaki da Isao Takahata, sun sha faɗin irin tasirin da aikin Grimault ya yi musu. Mai haƙuri shi ke dafa dutse har ya sha romonsa.

6. Oggy Bafaranshe ne

Shuɗiyar kyanwar nan da kyankyasai uku suka hana sakat a Paris aka haife ta, a 1998. Jean-Yves Raimbaud ne ya ƙirƙiro ta, amma ya rasu a watan Yunin shekarar, kafin a fara nuna shirin a talabijin. Kamfanin Xilam ne ya ci gaba da shi. Kyankyasan, Joey da Dee Dee da Marky, sunayen mawaƙan wata ƙungiyar kiɗa ta Amurka ce mai suna Ramones aka sa musu. Sirrin yaɗuwar shirin shi ne babu magana a ciki. Yaron da Ngizimanci yake ji, da mai jin Bolanci, da mai jin Karekare, da Bafulatani, da Bahaushe, duk lokaci guda suke fashewa da dariya.

7. A Indiya sai da aka ba shi baki

Indiyawa ba su bar Oggy shiru ba. Sun ɗora wa shirin muryoyin harshen Hindi, masu ɗora muryar suna kwaikwayon manyan taurarinsu: Oggy da salon Shah Rukh Khan, ɗan'uwansa Jack da salon Sunny Deol. Shirin ya karɓu ƙwarai a can. Mu da muka san abin da Algaita da ire-irenta suka yi da finafinan Indiya a Kano, mun san ƙarfin wannan sana'a. Gwanintar ɗora murya tana hannunmu, saura a juyo da ita wajen abin da zai amfani ƙanana.

8. Kura ko a Paris ba ta cin nasara

Kamfanin Xilam ɗin dai shi ya fitar da *Zig & Sharko* a 2010. Zig kura ce mayunwaciya a wani tsibiri, kullum tana ƙulla dabarar cinye wata 'yar ruwa, kullum wani ƙaton kifi yana wargaza shirin. Kwaɗayi da wauta da shan duka, halin kurar tatsuniyarmu ke nan sak, wadda Gizo ya saba yi wa wayo. Kaka za ta iya zama da jikokinta ta kalla, ta kuma ɗora musu da tata a bayan an kashe wayar.

9. Minions a Paris ake zana su

Kuɗin na Amurka ne, kamfanin Illumination ne, amma hannun da ya zana rawayen halittun nan na Paris ne. Ɗakin aikin Mac Guff ne ya yi *Despicable Me* a 2010, daga baya Amurkawan suka sayi sashen katun ɗinsa. Bafaranshe Pierre Coffin, ɗaya daga cikin masu ba da umarni, shi ke yin muryar Minions. Mahaifiyarsa, Nh. Dini, shahararriyar marubuciya ce 'yar Indonesiya, shi ya sa a cikin gwarancinsu ake tsintar kalmomin Indonesiya a cakuɗe da Faransanci da Sifaniyanci da Ingilishi. Fim ɗin *Minions* na 2015 ya tara fiye da dala biliyan ɗaya. *The Super Mario Bros. Movie* na 2023 ma a wannan ɗakin aiki aka zana shi.

10. Jaririn da ya yi tambayar da manya suka kasa

Michel Ocelot ya yi ƙuruciyarsa a Konakiri ta ƙasar Gini, inda iyayensa ke koyarwa. Da ya girma ya ɗauko mafarin wata tatsuniyar Afirka ta Yamma ya gina *Kirikou et la Sorcière*, wanda ya fito a Disamban 1998. Kirikou tun yana ciki ya yi magana da mahaifiyarsa. Ya faɗo duniya ya tarar da ƙauyensu cikin uƙuba: idon ruwa ya ƙafe, maza sun ɓace, mata na miƙa zinarensu ga matsafiya Karaba. Kowa tsoronta yake, kowa zaginta yake a ɓoye. Shi kaɗai ya dage sai ya san dalilin muguntarta.

Ya rarrafa cikin ramin idon ruwa ya tarar da dabbar da ke shanye ruwan. Ya bi ta ƙarƙashin ƙasa ya isa wurin kakansa a bayan dutse. A nan ya ji cewa wasu maza ne suka taɓa danne Karaba suka soka mata ƙaya mai dafi a gadon baya, inda hannunta ba ya kaiwa, dare da rana tana cikin azaba. Kirikou bai ɗauki makami ba. Dabara ya yi ta sunkuya, ya ɗare bayanta, ya sa haƙori ya fizge ƙayar. Ihun da ta yi ya karaɗe daji, daga nan tsafin ya karye, mazan ƙauye suka dawo gida. A yankin da ya ɗanɗana tashin hankali irin namu, darasin nan yana da nauyi: a nemi tushen cuta, a cire shi.

11. Hannu daga ƙasashe da yawa, da gargaɗi ga iyaye

Muryoyin *Kirikou* a Dakar aka ɗauka. Youssou N'Dour ne ya yi kiɗan, da kayan kiɗan gargajiya irin su kora da balafon. An yi wani sashe na zanen a birnin Riga na Latbiya, wani a Budapest ta Hangari. Fiye da mutum miliyan ɗaya suka kalle shi a gidajen silimar Faransa, abin da ya ba masu kuɗi ƙwarin gwiwar zuba jari a katun na gida. Ci gabansa ya fito a 2005 da 2012. Sai dai iyaye su sani: matan ƙauyen babu riga aka zana su, ƙananan yara kuma tsirara, ga batun tsafi. Ko a Amurka da Ingila masu rarraba finafinai sun ja ƙafa saboda haka. Uba ko uwa su fara gani, sannan su yanke hukunci daidai da tarbiyyar gidansu.

12. Larabcin da aka ƙi fassarawa da gangan

A *Azur et Asmar* na 2006, Ocelot ya kawo yara biyu da suka sha nono ɗaya: Azur ɗan mai gida Bature, da Asmar ɗan mai rainonsa. Aka raba su da ƙarfi, aka kori uwar da ɗanta. Da Azur ya girma ya haye teku neman su, ya iske ƙasar da ake ɗaukar shuɗin ido a matsayin rashin sa'a, har sai da ya riƙa rufe ido yana yawo kamar makaho. Mutanen ƙasar Larabci suke yi, kuma Ocelot ya hana a rubuta fassara a ƙasan allo, don ɗan kallo Bafaranshe ya ɗanɗani halin baƙo a inda ba ya jin harshe. Ɗan Islamiyyar Potiskum zai tsinci kalmomin da ɗan Paris bai gane ba. Zancen 'yan'uwantakar shayarwa kuwa ba sai an yi masa dogon bayani ba.

13. Raƙumin dawa da ya taka kilomita 880 da ƙafa

Fim ɗin *Zarafa* na 2012 a kan abin da ya faru da gaske aka gina shi. Muhammad Ali Pasha, mai mulkin Masar, ya aika wa Sarkin Faransa Charles na 10 kyautar 'yar raƙumin dawa da aka kamo a Sudan. A jirgin ruwa sai da aka huda rufin ɗakin da take don wuyanta ya samu wurin miƙewa. An haɗa ta da shanun tatsa saboda madararta. Ta sauka Marseille a Oktoban 1826, ta yi sanyin hunturu a can, sannan a watan Mayun 1827 aka kama hanyar Paris da ita a ƙasa, sanye da rigar ruwa da aka ɗinka mata. Kwana 41 ana tafiya, kimanin kilomita 880, kusan sau tara tsawon hanyar Potiskum zuwa Damaturu. Kowane gari aka ratsa sai jama'a sun yi dafifi. Ta rayu a Paris har 1845, kuma har yau ƙirarta na nan a gidan tarihin La Rochelle. Masu fim sun ƙara da wani yaro, Maki, da ya kuɓuce wa masu fataucin bayi. Raƙuman dawa na ƙarshe a Afirka ta Yamma kuwa suna maƙwabtanmu, a yankin Kure kusa da Yamai. A 1996 kimanin 50 suka rage, da aka tsaya kan kiyaye su suka haura 600.

14. Yaron da ya bi yayansa har fagen yaƙin Turai

*Adama*, fim ɗin Simon Rouby na 2015, labarin ɗan shekara 12 ne daga wani ƙauyen Afirka ta Yamma. Yayansa Samba ya shiga sojan Faransa, shi kuma ya bi sawunsa har Verdun a 1916, ɗaya daga cikin mafi munin fagagen Yaƙin Duniya na Ɗaya. Dubban 'yan Afirka daga ƙasashen da Faransa ta mallaka sun mutu a wannan yaƙi da ba nasu ba. A tsibirin Réunion aka yi aikin fim ɗin, kuma fuskokin mutanen da yumɓu aka fara ƙera su kafin a shigar da su kwamfuta. Na yaran da suka fara hankali ne, ba na 'yan yaye ba.

15. Littafin da ke tsoron kuka

Antoine de Saint-Exupéry matuƙin jirgin sama ne da ya yi jigilar wasiƙu a hanyar Faransa zuwa Dakar, kuma a Disamban 1935 jirginsa ya faɗi a hamadar Libiya, ƙishirwa ta kusa kashe shi. Daga irin wannan rayuwa ya rubuta *Le Petit Prince*, aka buga a 1943, aka mayar da shi katun a 2015. Ɗan sarkin labarin daga wata 'yar mitsitsiyar duniya ya zo, kuma babban abin da ke damunsa shi ne kada kuka ta tsiro ta tsaga masa ita da saiwoyinta, don haka kullum sai ya tuge tsiron. Bishiyar da ke ba mu miya da kwalba da igiya da inuwa, ita ce abin fargaba a can. A fim ɗin, sassan da ke nuna ainihin littafin da takarda da 'yan tsana aka yi su, ana motsa su kaɗan-kaɗan ana ɗauka.

16. Ɗan katun da ya tashi sama daga Sahara

Astérix, gajeren jarumin nan mai gashin baki da René Goscinny da Albert Uderzo suka ƙirƙira a 1959, ya fara fitowa a fim a 1967. Amma kafin nan sunansa ya riga shi zuwa sararin samaniya. Ranar 26 ga Nuwamban 1965 Faransa ta harba tauraron ɗan'adam nata na farko daga Hammaguir, cikin hamadar Aljeriya, aka kuma laƙaba masa suna Astérix. Da haka ta zama ƙasa ta uku da ta harba tauraro da rokar da ta ƙera da kanta, bayan Tarayyar Sobiyet da Amurka.

17. Babar daga bakin uwa ya fito

A 1930 wata uwa, Cécile de Brunhoff, ta ƙirƙiro wa 'ya'yanta biyu labarin ɗan giwa, wanda daga baya aka sa wa suna Babar, a lokacin kwanciya. Yaran suka kai wa mahaifinsu Jean, wanda mai zane ne, shi kuma ya mayar da shi littafi a 1931. Daga nan aka samu Babar na talabijin da silima. Masu nazari da dama sun soki labarin: giwa ta bar daji ta shiga birnin Turawa, ta sa koren kwat, ta dawo aka naɗa ta sarki. Sun ce hoton mulkin mallaka ne aka lulluɓe da zane mai kyau. Wannan suka tana da tushe, kuma tana tuna mana cewa katun ma da saƙonsa yake tafe. Duk da haka, abin lura shi ne tatsuniyar dare ɗaya ce ta zama dukiyar da ta kusa shekara 100 ana cin moriyarta.

18. Finafinan da ba a furta ko kalma ɗaya

*Minuscule*, na Hélène Giraud da Thomas Szabo, yaƙi ne tsakanin baƙaƙen tururuwa da jajaye a kan gwangwanin sukari da wasu masu shaƙatawa suka bari a daji. Dajin na gaske ne, an ɗauko shi da kyamara a gandun dajin Faransa, ƙwarin ne kawai aka zana. Ya ci kyautar César a 2015. *Flow* kuwa, haɗin gwiwar Latbiya da Faransa da Beljiyam, labarin kyanwa ne da ambaliya ta raba da gida, ta shiga kwalekwale ɗaya da dabbobin da ba jinsinta ba. Kukan dabbobin na gaske ne, sai dai na guda ɗaya, wata dabbar Kudancin Amurka da ake kira kafibara, bai yi wa masu fim daɗi ba, sai suka sa mata muryar ɗan raƙumi. Fim ɗin ya ci kyautar Oscar a 2025, kuma da manhajar Blender aka yi shi, wadda kowa ke iya saukewa kyauta.

19. Inda kuɗin ke fitowa

Tun 1948, duk tikitin silima da aka saya a Faransa ana cire wani kaso, yanzu kusan 11 cikin 100, a zuba a asusun hukumar finafinai ta ƙasar, CNC. Kamar adashe ne: kowa na zubi, har finafinan Amurka, amma masu shirya fim na gida ke kwasa. Ga makarantu irin su Gobelins a Paris, inda Pierre Coffin ya yi karatu. Tun 1994 kuma akwai shirin da ke kai 'yan firamare gidan silima a lokacin karatu, su dawo aji su tattauna da malaminsu. Garin Annecy na karɓar babban bikin katun na duniya tun 1960, inda 'yan kallo suka saba harba jiragen takarda wajen allo kafin a fara haskawa. A 2021 Afirka aka karrama a bikin. Shi ya sa ake lissafa Faransa a sahun gaba a wannan sana'a, bayan Amurka da Japan.

20. Maƙwabcinmu na Tawa ya riga ya nuna hanya

Moustapha Alassane ɗan Nijar ne, an haife shi a 1942. Makanike ne tun asali, kuma tun yana matashi yake haɗa kwali da fitila yana nuna wa mutane inuwar zanensa. A Yamai ya haɗu da Jean Rouch, Bafaranshe mai shirya fim, daga nan ya je Kanada ya ƙaro sani a wurin Norman McLaren. Katun ɗinsa *La Mort de Gandji* ya samu kyauta a bikin fasahar baƙar fata na Dakar a 1966. A shekarar ya fitar da *Bon voyage Sim*, inda shugaban ƙasar kwaɗi ke tafiya ziyarar aiki da duk wani tsarabe-tsaraben mulki. Ya yi *Samba le Grand* da 'yan tsana a 1977, ya kuma yi *Kokoa*, inda kwaɗi da hawainiya ke kokawar gargajiya a fili. A Tawa ya kafa wurin aikinsa, cikin ƙasar Hausa, da kayan da hannunsa ya haɗa. Ya rasu a 2015. A Najeriya ma an fara: Adamu Waziri ya kawo *Bino and Fino* daga Abuja, kuma a Disamban 2020 aka fitar da dogon katun *Lady Buckit and the Motley Mopsters*.

Yobe ba ta rasa labari ba. A 1987 wani makiyayi na haƙa rijiya a Dufuna, cikin ƙaramar hukumar Fune, ya ci karo da kwalekwalen da ya haura shekara 8,000, mafi tsufa da aka sani a Afirka. Su wa suka sassaƙa shi, wane ruwa suka ratsa? Ga tsuntsayen Turai da ke sauka Dagona duk hunturu. Ga ɗan maraƙin da aka loda a tirela daga kasuwar shanun Potiskum zuwa kudu, da yaron mota da ya shaƙu da shi a hanya. Ga tatsuniyoyin Ngizim da Bolewa da Karekare da ke bakin tsofaffi, waɗanda ba a taɓa zanawa ba.

Farawa ba ta buƙatar miliyoyi. Malami ya ba ɗalibi tsohon littafin rubutu, ya zana ɗan akuya a kusurwar shafi, a shafi na gaba ya ɗaga masa ƙafa kaɗan, haka har shafi 12, sannan ya sa babban yatsa ya saki takardun a jere: akuya ta yi tsalle. Yaran da ke gina shanun laka a bakin kududdufi su jingina waya da bulo, su ɗauki hoto, su matsar da saniyar kaɗan, su sake ɗauka. Ɗaliban Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke Potiskum masu kwamfuta su sauke Blender su fara koyo. Iyaye kuma su zauna a kalla tare, in an gama su tambayi yaro me ya gani, wa ya yi daidai, wa ya yi kuskure. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma yaron da aka saba tambayarsa ra'ayinsa a kan labarin wasu, shi ne gobe zai zauna ya tsara namu.